Nakiyar Mma Lariba

Duk wanda ya saba bin lungun da ke bayan babbar gota a Maamobi da safe ya san Mma Lariba, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar nan doguwa, marar yawan magana, mai zama a kan kujerar tsuguno da tanda a gabanta, tana juya masa da wani cokali da gefensa ɗaya ya cinye. Ba ta kiran ciniki. Masu sayen koko a wajen maƙwabciyarta su ne suke tsallakowa su haɗa da masarta, in kuma wani ya ce masar ta yi daɗi, sai ta ce "madalla" ba tare da ta ɗago kai ba.

A gidansu, cikin birnin Zariya, Laraba ake kiranta. Bakin mutanen Maamobi ne ya mai da ita Lariba, ita kuma ba ta taɓa gyara wa kowa ba. Aure ne ya kawo ta Accra. Mijinta, Malam Halidu, maɗinkin babbar riga ne da hannu, ya ji labarin cewa alhazan unguwar Nima suna son aikin Zariya, ya ce mata su je su yi shekara biyu su dawo. Shekara biyun nan ita ce har yau ba ta cika ba. Keken sirfani ya shigo gari ya karya aikin hannu, idon Malam ya fara hazo, daga baya ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Aka binne shi a ƙasar da ya zo yi wa ɗan taƙi, ya bar mata ɗaki ɗaya na haya da 'ya ɗaya, Mubarika, tana firamare.

Ta gwada komawa. Da ta fita takaba ta ɗauki yarinyar suka bi mota har Zariya. Ta tarar iyayenta sun rasu, an raba gida, matar wanta ta shimfiɗa mata tabarma irin wadda ake shimfiɗa wa baƙo, ana ta yi mata sannu da zuwa har sati ya zagayo, babu wanda ya ce ga ɗakinki. Yaran gidan kuwa suka sa Mubarika a gaba da dariya, don tana ce wa mace "kai", tana kuma kukan a ba ta wake da shinkafa irin na Nima. Mma Lariba ta naɗe kayanta. Tun daga wannan tafiya ta daina cewa "in mun koma gida". Takan ce "a gidanmu" kawai, kamar yadda ake ambaton mamaci.

Abin da ya rage mata na Zariya, tukunya ce. Ran sallah takan tuƙa tuwon shinkafa ta yi miyar taushe, ko da kabewar nan ba ta da garɗin ta gida, daddawarsu kuma ƙamshinta daban. Ta taɓa gwada funkaso, ta gwada ɗanwake, ta gwada sinasir don sayarwa, masa ce kawai ta karɓu. Mubarika takan ci loma biyu uku na tuwon don kada ran uwarta ya ɓaci, sannan ta sulale ɗakin mai gidan hayarsu, Hajiya Memunatu, inda ake cin dokunu, tuwon ƙullun masara mai tsami, da miyar barkono da suke kira shito da soyayyen kifi ana shewa. Mma Lariba takan ji dariyarsu ta bango, ta rufe sauran tuwon, gobe ta ɗumama abinta.

Akwai kuma wani abu da mutanen gidan ba su taɓa gane mata ba. Ba ta faɗin sunan 'yarta. 'Yar fari ce, kuma inda ta fito, uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta yabonta. Sai dai "ke", ko "yarinyar nan". A Maamobi kuwa uwa takan ƙwala wa 'yarta kira daga wannan bakin gota zuwa wancan, ta zage ta, ta rungume ta, duk a numfashi ɗaya. Wata rana, Mubarika tana 'yar budurwa, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mma, ka manta sunana ne?"

Mma Lariba ta ji maganar har cikin ƙashinta. Abin da ta ce shi ne, "Tashi ki ɗebo ruwa kafin famfo ya ɗauke."

Yarinya ta girma, ta yi karatu, ta sami aiki a wani kantin magani a Kokomlemle. Ita ta kawo mijinta da kanta, Zuberu, mai gyaran waya a kasuwar Circle, ɗan Dagomba, iyayensa mutanen Yendi. Yaro ne mai ladabi, yana cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe ta. Ba ta ga aibunsa ba. Aka sa rana bayan Babbar Sallah, aka kuma ce in an ɗaura za su tare a Kasoa, can bayan gari, inda ya kama ɗaki.

Daga nan biki ya fita daga hannunta, in ma ya taɓa shiga. Mubarika da ƙawayenta suka shirya komai a waya: rumfuna, kujeru, mai hoto, mai kek, atamfar da mata za su ɗinka iri ɗaya. Abin da aka tambayi Mma Lariba kawai shi ne awon rigarta. Ba ta ji haushi ba, don hankalinta yana wani wuri. Gara take tunani.

A Zariya, in an kai amarya, danginta mata sukan biyo ta da gara: alkaki, dubulan, nakiya, a manyan kwanoni, a ɗauko a ka, a sauke a tsakar gidan miji. Dangin miji su raba, a aika wa na kusa da na nesa, kowa ya lasa ya ce, lalle yarinyar nan daga gida ta fito. Uwa ba ta zuwa, ba ta cewa komai, amma kowa ya san hannun wa ke ciki, amarya ma ta sani. Mma Lariba ba ta da dangi a Accra, ba ta da ƙarfin buhuna. Amma nakiya tana hannunta, a wajen uwarta ta koya, uwarta kuwa har daga wasu unguwanni ake zuwa ɗaukarta aikin biki. Ta ƙudura a ranta cewa ko me za a yi, yarinyar nan ba za ta shiga gidan mutane hannu rabbana ba kamar wadda aka tsinta a tasha. Za ta buɗe murfi ta gani, ta san cewa wadda ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba mantawa ta yi ba.

Tun cikin azumi ta fara tari. Ran Laraba, ranar kasuwar Nima, ta zaga har ta sami shinkafar gida mai danƙo wadda ake kawowa daga arewa. Ta sayi citta da kanumfari da masoro da kimba, tana shinshina kowanne kafin ta karɓa. Zuma ta ba ta wahala, don yawancin wadda ake talla an sirka ta da sukari. Man shanu ya fi komai wuya. Wata Bafillatana mai kawo wagashi, cukun Fulani, daga can wajen gari ita ta yi mata alkawari, ta ce amma ba ta san ranar da zai samu ba. Sai ga shi ya zo kwana kaɗan bayan ƙaramar sallah, fari sol, a cikin galan. Biki da saura, amma mai ba ya jira, kafaɗarta ta dama kuma ta daɗe tana yi mata ciwo, ta san aikin da mata huɗu suke yi a yini ɗaya ita sai ta rarraba shi. Ta ce gara ta yi tun da wuri.

Sai Mubarika ta fita aiki take farawa. Ta jiƙa shinkafa, ta tsane ta, ta kai niƙa ta tsaya a kan mai injin sai da ya wanke bakin injinsa, don kada ƙullun masara ya shiga. Ta tankaɗe, ta soya garin a wuta marar ƙarfi har ya yi ja kamar ƙasar Samaru. Ta soya man shanun ya tsane ruwansa. Ta dafa zuma da kayan ƙamshi har ta yi danƙo. Sannan kirɓi. Turmin da ke gidan na fufu ne, mai faɗin baki, ta wanke shi ta sake wankewa, ta shanya, ta zuba, ta ɗaga taɓarya.

A nan Hajiya Memunatu ta same ta. Hajiya haifaffiyar Nima ce, kakanta sojan Bature ne, mace mai jiki da murya, tana sayar da wake da shinkafa a bakin titi, kuma babu abin da ke wucewa a gidanta ba ta leƙa ba.

"Ei, Mma Lariba, fufu ka ke daka da rana tsaka, kai kaɗai? Baƙi ka yi?"

"Nakiya ce, Hajiya."

"Mene ne shi?"

Mma Lariba ta ɗan gutsuro ta miƙa mata. Hajiya ta sa a baki, ta lumshe ido, ta tauna a hankali.

"Wannan ai dakuwa ne da ya je Makka ya dawo. Ya yi daɗi paa. Na sayarwa ne?"

"Na yarinyar nan ne. Na kai wa gidan miji." Ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da magana da turmi. "Ina da roƙo, Hajiya. Ba ni da kowa a garin nan. In ranar ta zo, ke da ƙawayenki biyu ku ɗauka ku kai. Kuma kada ta ji tukuna."

"Wannan ne roƙon? Ni da na goya Mubarika? Zan ɗauka a kai, in yi rawa da shi har Kasoa." Hajiya ta lashe yatsa. "Amma awure sai bayan Layya fa. Kawo in sa maka a firiza na, akwai wuri gefen kaji."

Mma Lariba ta tsayar da taɓarya. Gefen kaji. Ta san Hajiya ba da wata manufa ta faɗa ba.

"Nakiya ba ta shiga firiza, Hajiya. A gidanmu takan shekara a ƙarƙashin gado. Amarya takan haihu, a yi suna, da saura a kwano. Daɗewa ma ƙara mata daɗi take yi."

"Gidanku akwai teku? Nan garin, takalmi ma in ka aje shi wata ɗaya, gemu yake fitarwa."

"Takalmi daban, nakiya daban."

"Yoo," in ji Hajiya. "Na ji. Ƙara mini kaɗan in tafi."

Ba taurin kai ba ne kawai. Mma Lariba ta san burodi yana fumfuna a Accra, ta san gishiri yana jiƙewa a kwalba. Amma nakiya a wajenta ba ta cikin jerin abincin da ke lalacewa. Da idonta ta ga tata garar ta biyo ta tun daga Zariya, ta ƙetare iyaka uku, suna ci ita da Malam a wannan ɗakin. Abin da ba ta tsaya ta tuna ba shi ne, da rani suka zo, kuma yunwar baƙunta ba ta bar nakiyar ta ga damina ba. Tun daga lokacin kuma ba ta sake yi ba, don ba a yin nakiya haka kawai.

Ta gama a cikin 'yan kwanaki, kafaɗarta ta kumbura har ba ta iya ɗaura ɗankwali da hannun dama. Kwano uku manya ta cika, masu murfi, irin na fenti mai furanni. Nakiyar ta kama jikinta, tana sheƙi, in ka danna yatsa sai wurin ya tsatso da mai. Ta bari ta huce sarai, ta shafe saman da man shanu, ta rufe, ta ɗaure kowane kwano da sabon ƙyalle, ta tura su can ƙuryar ƙarƙashin gado, jikin bango, ta jawo akwatin Malam ta tare. Da Mubarika ta dawo ta ce ɗakin yana ƙamshin kanumfari, sai ta ce mata haƙori ne yake damunta.

Ruwa ya sauko. Daminar Accra ba irin ta gida ba ce, da za a yi ruwa a ɗauke rana ta fito ta busar da komai. Nan sama takan rufe kwana da kwanaki, bango ya riƙa gumi, tabarma ta yi sanyi, wanki ya kwana uku a igiya yana wari. Wata ranar Talata da hantsi aka tsuge kamar da bakin ƙwarya, babbar gota ta cika ta tumbatsa, ruwa baƙi ya biyo lungu da robobi da ledoji, ya shigo tsakar gida, ya fara leƙa ɗakuna. Kowa yana ɗauke talabijin da katifa, Mma Lariba ta durƙusa cikin ruwa ta jawo kwanoninta ta ɗora a kan gado. Ta shafa ƙyallayen, ƙasansu kawai ya jiƙe. Ta yi hamdala. Ta so ta buɗe, sai ta tuna uwarta takan ce yawan buɗe-buɗe shi ke sa wa nakiya iska. Da ruwa ya janye ta goge ƙasa, ta canza ƙyalle, ta mayar da su inda suke.

Sai ana saura kwana kaɗan biki ta kwance. Ta tashi daga masa, ta wanke tanda, ta rufo ƙofa, ta jawo kwanon farko tsakiyar ɗaki inda haske yake shigowa. Murfin ya ɗan kama, ta sa farce ta ɓamɓare.

Ba ta gane abin da take gani ba da farko. Saman nakiyar ya rufe da wani abu mai laushi, toka-toka da kore, kamar gashin bayan ɓera, a jikin murfin kuma ruwa ne ya taru ɗigo-ɗigo. Warin ya biyo baya, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, haɗe da na tsohon mai. Ta buɗe na biyu. Ta buɗe na uku. Na ukun, wanda ya fi kusa da bango, har baƙi ya yi.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko cokali ta fara kankare saman, a hankali, tana zubawa a leda. Ƙasan ya fito da kalarsa, ja mai kyau, zuciyarta ta ɗan dawo. Ta haƙa can tsakiya ta gutsuro ta sa a baki. Zaƙin yana nan, citta tana nan, amma a bayansu akwai wani ɗaci mai kama maƙogwaro, wanda ya ƙi tafiya ko da ta kurkure baki. Ta hura gawayi ta juye rabin kwano a tukunya, ko wuta za ta kore shi. Wuta ta tayar da warin ya cika gidan.

Hajiya Memunatu ta fito tana toshe hanci da gefen mayafi. Ta leƙa tukunya, ta leƙa ɗaki ta ga kwanoni a buɗe. Ta buɗe baki, kowa ya san abin da za ta ce, sai ta dubi fuskar Mma Lariba ta fasa.

"Ba za a iya sake wani ba?"

"Mai man shanu ba ta zuwa sai bayan wata." Ta ɗaga hannun dama, bai wuce ƙirjinta ba. "Ko ta zo ma."

"To, bari. Kar ka sa a rai. An yi odar kek hawa uku, wallahi sai an tsaya a kan kujera za a yanka. Akwai cincin, akwai lemo. Mutanen Zuberu ba su san wannan abu ba kraa, ba wanda zai tambaya."

"Haka ne," in ji Mma Lariba. "Ba wanda zai tambaya."

Zubar da abinci a bola bai taɓa yi mata sauƙi ba, balle wannan. Ta juye duka a bokiti ta rufe, ta ɗauka da hannun hagu zuwa ƙarshen lungu, wajen Braimah, wani dattijo mai kiwon awaki a bayan masallaci, wanda take ba ƙanzon ƙullu. Braimah ya buɗe, ya shinshina, ya ja da baya.

"Mma, me awakina suka yi maka?"

"Shinkafa ce da zuma. Saman ne kawai ya taɓu."

"In sun ci wannan, gobe sai dai in kira mahauci. Ka yi haƙuri. Zuma kuwa? Ei, asara." Ya mayar da murfin da kansa, ya nuna mata gota da haɓa. "Ruwa yana gudu yau, zai tafi da shi."

Ta tsaya a bakin gotar ta daɗe. Sannan ta kifa bokitin. Nakiya tana da nauyi, ba ta bi ruwa ba. Ta zauna a ƙasa dunƙule guda, ruwan yana ratsa ta gefe da gefe, leda tana zuwa ta maƙale a jikinta.

Ranar biki aka tare lungu da rumfuna tun da safe. Aka ɗaura aure a masallaci, da la'asar mata suka cika kujeru cikin atamfa iri ɗaya, lasifika tana girgiza kwanon rufi. Mma Lariba ta sa tata rigar, ta zauna a bakin gado a cikin ɗaki, ta saki labule. Haka uwar amarya take yi a gidansu. Tana jin mai gabatarwa yana kiran ƙawayen amarya, yana kiran dangin ango, sannan ta ji ya ce a fito da uwar amarya fili.

Hajiya ta ɗaga labule, gumi yana bin hodar fuskarta. "Tashi, ana kiranka. Mubarika yana tsaye a fili yana duba ƙofa."

"Ba zan iya ba, Hajiya."

"Ba rawa za ka yi ba. Ka tsaya kusa da shi kawai, a ɗauki hoto."

"A gaban surukai? Ni da nake uwarta?" Ta girgiza kai. "Da wane ido?"

"Nan ba Zariya ba ne, Mma Lariba."

"Na sani."

Mai gabatarwa ya sake kira, mata suka fara tafi suna jira. Hajiya ta dube ta, ta yi ƙwafa, ta saki labulen. Jim kaɗan sai guɗa ta tashi a waje. Mma Lariba ta ɗan jaye gefen labule da yatsa. Hajiya Memunatu ce a tsakiyar fili, ta rungume Mubarika tana juyi da ita, dangin ango sun kewaye su, wata tsohuwa daga cikinsu tana yafa wa Hajiya sabon mayafi. Mubarika tana dariya. Sau ɗaya ta waiwayo wajen ƙofar, sannan mai hoto ya ce ta dubi gabanta.

Kafin magariba aka kawo amarya sallama. Ƙawaye suka tsaya a waje, ta shigo ita kaɗai, doguwar rigarta tana jan ƙasa, ta durƙusa a gaban gado. Ɗakin ya cika da turarenta.

"Mma, za mu tafi."

"To. Allah ya kiyaye hanya."

"Ba ka fito ba."

Mma Lariba ta dubi lallen da ke hannun yarinyar. An yi shi da kyau, irin zanen zamani, har gwiwar hannu.

"Hajiya ya ce wani abu da ka dafa ya lalace," in ji Mubarika, ta sassauta murya. "Wai mai zuma. Kar ka damu, Mma, ka ji? Ni ma ka san ba na son abu mai zaƙi sosai. Abinci ya ishi kowa, har ya yi saura."

"Madalla."

A waje wata ƙawa tana cewa direba yana sauri, hanyar Kasoa ta fara cushewa.

"Ba ka da abin da za ka faɗa mini?"

Akwai. Yana nan a ƙirjinta, dunƙule, amma ba ta taɓa koyon yadda ake fitar da shi ta baki ba. Hannuwanta suna kan cinya, babu komai a cikinsu. Ta ji bakinta yana faɗin abin da ake faɗa wa kowace amarya.

"Ki yi haƙuri da zaman aure. Yi na yi, bari na bari. Ki riƙe sallah."

Mubarika ta jira ko da ƙari. Da ta ga babu, sai ta ce "to, Mma", ta dafa gefen gado ta miƙe, ta tattare rigarta da hannu biyu don kada ta kama ƙusar bakin ƙofa. Guɗa ta sake tashi, ta bi lungu tana raguwa, har ƙarar mota ta haɗiye ta.

Sai da aka fara naɗe rumfuna Mma Lariba ta fito. Tsakar gida duk robobin abinci ne da kwalabe. Ta ɗauki tsintsiya da hannun hagu. Wata mata daga dangin ango, wadda aka bari tana raba sauran abinci, ta hango ta, ta zo da roba ɗaya a leda.

"Maame, an ba ka? Karɓi, akwai kek a ciki." Ta ƙara dubanta da kyau. "Af, kai ne mai masa na bakin gota, ko? Na sha saya in na zo wajen yayata. Kai ma an gayyace ka?"

"Nan nake zaune," in ji Mma Lariba.

"Ayyo. Uwar amariya mutumin kirki ne, ka ga rawan da ya yi? Kun yi sa'ar mai gida."

Mma Lariba ta karɓi ledar ta yi godiya. Ta ajiye ta a kan taga, ta sunkuya, ta fara shara daga bakin ƙofar Hajiya.